Lantarkin Ƙwaƙwalwa da Motsa Jiki: Ina Mace da Namiji Suka Bambanta?



Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a Unguwar Mu'azu ta nan Kaduna, ya miƙa zuwa bakin babban titin Nnamdi Azikiwe, zai tarar da samari suna sassarfa, waɗansu kuma sun nufi filin makaranta da ƙwallo a hannu. Zai ƙirga maza da yawa kafin ya ga mace ɗaya. A daidai wannan lokaci kuwa, a cikin gidaje, mata suna ta shara da wanki da jan ruwa a rijiya. Duka biyun motsa jiki ne, ko da yake ɗaya ake kira da sunan. Tambayar da nake so mu duba a yau ita ce: idan mace da namiji suka motsa jiki har numfashinsu ya ƙaru, shin ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya take amsawa, ko kuwa da bambanci? Tambayar tana da nauyi, domin a kan amsarta ne likita zai ba hajiya mai hawan jini shawara, a kanta ne kuma uba zai bar 'yarsa ta shiga wasannin makaranta ko ya hana ta.

Lantarkin da ke cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana aika wa 'yar'uwarta saƙo ta hanyar ɗan ƙanƙanen lantarki, wanda ke samuwa daga shiga da fitar gishirin jiki ta fatar ƙwayar. Idan dubban ƙwayoyi suka yi aiki a lokaci guda, lantarkinsu yakan taru har ya ratso ƙoƙon kai, a iya auna shi a kan fata. Wani likita a Ingila mai suna Richard Caton shi ne ya fara ganin wannan a kan zomaye da birai a 1875. Daga baya Hans Berger, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Jena na Jamus, ya auna na mutum a 1924, ya kuma buga sakamakonsa a 1929. Na'urar da ake wannan awo da ita ita ce ake kira EEG, kuma ita ce likitoci ke amfani da ita wajen binciken farfaɗiya a manyan asibitoci, irin su asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Lantarkin nan ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Batirin tocila guda, mai bolt ɗaya da rabi, ya ninka shi sau dubbai. Saboda haka ake liƙa ƙananan faya-fayen ƙarfe a fatar kai, na'ura ta ƙara wa saƙon ƙarfi, sa'an nan ta zana shi kamar igiyar ruwa mai hawa da sauka. Ya kamata kuma mu san iyakar abin da na'urar ke iya ji. Mutumin da ya tsaya a wajen filin wasa na Ahmadu Bello ana ƙwallo ba zai ji abin da kowane ɗan kallo ke faɗi ba, amma zai san lokacin da aka yi tsit da lokacin da aka ci. To, haka na'urar take. Hayaniyar taro take ji, ba ta karanta tunanin kowa.

Masana sun raba wannan kaɗawa gida huɗu bisa saurinta. Wadda ba ta kai sau 4 a daƙiƙa ba ita ce delta, ana ganinta a barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 teta ce, ta gyangyaɗi. Daga 8 zuwa 13 alfa ce, wadda ke bayyana idan mutum yana farke, hankalinsa kwance, idonsa a rufe. Daga 13 zuwa wajen 30 kuwa beta ce, ta mai lissafi ko mai sauraro da kyau. Akwai kuma wani tsalle da igiyar ke yi kamar sulusin daƙiƙa bayan mutum ya lura da wani abin da yake jira, wanda Samuel Sutton da abokan aikinsa suka gano a 1965, ake kiransa P300. Girman wannan tsalle yana nuna yawan hankalin da mutum ya tara a kan abu.

Abin da motsa jiki ke yi wa ƙwaƙwalwa

Motsa jikin da muke magana a kansa shi ne mai dogon numfashi, watau wanda manyan tsokoki ke aiki ba tsayawa na tsawon mintoci, zuciya tana bugawa da sauri, jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin. Tafiya da sauri, da sassarfa, da tuƙa keke, da iyo duk suna ciki. Haka nan daka da surfe, idan an ɗauki lokaci ana yi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin ɗari na oksijin da jiki ke amfani da shi a lokacin hutu. Ke nan duk abin da ya taɓa zuciya da jini sai ya taɓa ta.

A 2004 waɗansu masana biyu na Amurka, Crabbe da Dishman, suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu suka haɗa lissafinsu. Suka ga cewa alfa tana ƙaruwa a lokacin motsa jiki da kuma jim kaɗan bayansa, amma ba ita kaɗai ba, sauran ma suna ƙaruwa. Wannan ya gyara wani tsohon zato, na cewa motsa jiki kwantar da ƙwaƙwalwa kawai yake yi. A 2009 kuma Charles Hillman na Jami'ar Illinois ya sa yara 20, 'yan shekara tara zuwa goma, maza da mata, suka yi tafiya ta minti 20 a kan na'urar tafiya. Bayan sun huta aka auna su, aka ga P300 ɗinsu ya fi na ranar da suka zauna kawai girma, sun kuma fi ƙoƙari a jarrabawar karatu da fahimta. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa suka bi dattawa 120 har shekara guda, suka ga waɗanda ke tafiya sau uku a mako wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe tunawa, wanda ake kira hipokampus, ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin ɗari, alhali a al'ada raguwa yake yi da tsufa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan bincike sun haɗa maza da mata, kuma amfanin ya bayyana a taron gaba ɗaya. Wannan shi ne tushe. Duk bambancin da za mu ambata nan gaba a kansa yake zaune.

Bambanci tun ana zaune

Kafin a tambayi yadda motsa jiki ke sauya lantarkin, sai an san yadda yake tun mutum yana zaune. An daɗe da lura cewa, a matsakaicin lissafi, beta ta fi ƙarfi a kan mata. A 2018 Michel van Putten na Jami'ar Twente a ƙasar Holan ya ba kwamfuta awon mutane 1,308, ya koya mata ta rarrabe na mace da na namiji. Ta dace a kashi 81 cikin ɗari, kuma beta ce babbar alamar da ta dogara da ita. Ke nan bambanci yana nan. Amma ku dubi ɗaya gefen lissafin: a cikin kowane mutum biyar, kwamfutar ta kuskure ɗaya. Akwai mata da yawa masu awo irin na maza, da maza masu awo irin na mata.

Haka abin yake a surar ƙwaƙwalwar kanta. Ta namiji ta fi girma da wajen kashi 11 cikin ɗari a matsakaici, kamar yadda jikinsa ya fi girma. Lise Eliot da abokan aikinta sun bi binciken shekaru 30, suka bayyana a 2021 cewa idan aka cire wannan bambancin girma, abin da ya rage tsakanin jinsin biyu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kalmar "matsakaici" ita ce ya kamata ɗalibi ya riƙe. Maza sun fi mata tsawo a matsakaici, amma kowa ya san mace doguwa da ta fi mijinta tsawo.

Dalilan bambanci idan an motsa

Dalili na farko jini ne. Abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini shi ne hemogulobin, kuma ya fi yawa a jikin maza. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan bai kai giram 13 a kowane kashi goma na lita ba, mace kuwa giram 12, mai ciki 11. Zuciyar mace ma ta fi ƙanƙanta a matsakaici. Saboda haka idan aka sa mace da namiji su yi gudu da sauri iri ɗaya, macen ta fi kusa da iyakar ƙarfinta. In an auna kansu bayan haka aka ga bambanci, mai yiwuwa ne bambancin wahala aka auna. Mai bincike na ƙwarai sai ya fara gano iyakar kowa, sa'an nan ya ba kowa rabon aiki daidai da iyakarsa. Wannan magana ta fi nauyi a ƙasarmu, domin binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A wani gefen kuma, jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwar mace mai shekarun haihuwa ya fi na namiji yawa idan an gwada da girman ƙwaƙwalwar.

Dalili na biyu sinadaran haihuwa ne, watau estirojin da furojestaron, waɗanda ke hawa da sauka a jikin mace kowane wata. Su biyun suna isa ƙwaƙwalwa. Furojestaron yakan rikiɗa ya koma wani sinadari mai sanyaya ƙwayoyin jijiya, kuma tun shekarun 1970 masu bincike a Jamus suka ga saurin alfa yana ɗan sauyawa bisa kwanakin wata. Ke nan mace guda za ta iya ba da awo biyu daban a mako biyu daban. Bayan ɗaukewar al'ada kuma estirojin yakan ragu ƙwarai, lissafin ya sake sauyawa.

Dalili na uku zafi ne. A 2001 Bodil Nielsen da Lars Nybo a Kopenhagen ta ƙasar Denmak sun nuna cewa idan mutum yana tuƙa keke a ɗaki mai zafi, yayin da zafin jikinsa ke hawa beta tana raguwa idan an gwada da alfa, kuma wannan yana tafiya tare da jin gajiya. To, a rabin wata na biyu, bayan fitar ƙwai, zafin jikin mace yakan ƙaru da kusan rabin digiri. A ƙara da zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, da kuma yawan suturar da mace ke fita da ita. Awon da aka yi da hunturu da wanda aka yi da bazara ba za su zama ɗaya ba.

Saɓanin masana

To, wa ya fi amfana? A nan masana sun saɓa, kuma saɓanin abin koyo ne. A 2003 Stanley Colcombe da Arthur Kramer sun haɗa binciken da aka yi a kan dattawa, suka ga amfanin motsa jiki ga kaifin tunani ya fi fitowa a inda mata suka fi rabin mahalarta. A 2017 Cindy Barha ta Jami'ar British Columbia a Kanada ta sami irin wannan sakamako, musamman a fannin tsara aiki da kame kai daga abin da ke ɗauke hankali. Amma a 2020 Sebastian Ludyga na Jami'ar Basel a Suwizalan ya haɗa gwaje-gwaje 80 na mutane masu shekaru daban-daban, ya sami akasin haka: maza sun ɗan fi amfana, musamman idan ana ƙara tsananin aikin, mata kuwa sun fi samun amfani a aiki mai sauƙi zuwa matsakaici.

Waɗannan uku jarrabawar tunani suka auna. Binciken da ya liƙa na'urar lantarki a kai domin gwada mace da namiji kai tsaye bayan motsa jiki galibi na mutane kaɗan ne, shi ya sa sakamakonsa ke karo da juna. Abin da saɓanin ke koya mana shi ne bambancin ƙarami ne, yana kuma juyawa bisa shekaru da tsananin aiki. Da babba ne, da kowa ya gan shi a gefe guda.

Abubuwan da ke rikita awo

Na farko, mata sun yi ƙaranci a cikin binciken. Joseph Costello da abokan aikinsa sun ƙirga mahalarta bincike 1,382 da aka buga a manyan mujallun likitancin wasanni uku, suka bayyana a 2014 cewa kashi 39 cikin ɗari ne mata. Wani ƙidayar ta 2021 ta ga kashi 6 cikin ɗari na bincike ne kawai aka yi a kan mata zalla, na maza zalla kuwa kashi 31. Sau da yawa hujjar barin mata ita ce sauyin wata yana dagula lissafi, watau an bar su saboda ainihin abin da ya kamata a bincika. Sai a 1993 Amurka ta yi dokar da ta wajabta sa mata a binciken lafiya da gwamnati ke biya.

Na biyu, gashi. Farantin na'ura sai ya taɓa fatar kai sosai kafin ya ɗauki saƙo mai kyau, kuma an ƙera shi ne da gashin Turawa a zuci. Gashinmu mai kauri da murɗewa yakan ɗaga farantin, man kitso kuma yakan shiga tsakani. Namijin Bahaushe yakan zo da aski, mace kuwa da kitso. Ga bambanci nan tun ba a kunna na'ura ba, kuma babu ruwan ƙwaƙwalwa a ciki. Wata ɗaliba a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, ta ƙera wani faranti da ake maƙalawa a tsagar kitso, aka bayyana shi a 2020. Kitson da ake gani cikas sai ya zama hanya. Duk mai son yin wannan bincike a Kaduna ko Zariya, lalle ya yi shawara da makitsiya, ya kuma tanadi mace ma'aikaciya da ɗaki mai sirri, domin mace ba za ta cire ɗankwali a gaban kowa ba.

Na uku, yadda ake tambaya. Idan aka tambayi matar aure ko tana motsa jiki, za ta ce a'a, alhali ta wuni tana jan guga da wanki. Shi ya sa aikin da Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka yi a 2011 yake da amfani, inda suka mayar da takardar tambayoyin motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa, suka kuma gwada ingancinta.

Abin da ya shafe mu

Tarihi ya nuna haɗarin gaggawar yanke hukunci a wannan fage. Bayan tseren mita 800 na mata a wasannin Olamfik na Amsterdam a 1928, aka ce jikin mace ba zai ɗauka ba, aka soke shi har 1960. Gudun fanfalaki na mata bai shiga Olamfik ba sai a 1984. Hujjar lafiya aka kawo, daga baya ta rushe.

Mu a nan, rayuwa ce ta sauya mana. A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, magidanci a kan keke yake zuwa aiki, uwargida kuma tana surfe da daka da niƙa, 'yan mata suna gaɗa a dandali da 'yar gala-gala. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, 'yan garuwa sun karɓi na tulu, babur mai ƙafa uku ya karɓi na ƙafa. Sauƙi ne, ba mai ƙinsa. Amma namiji ya sami madadi a filin ƙwallo da bakin titi, mace kuwa ba a tanadar mata komai ba. Ba mu kaɗai ba ne: lissafin da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2018 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na matan duniya ba sa samun isasshen motsa jiki, maza kuwa kashi 23. Wannan rata ta fi duk wadda na'urar lantarki ta auna faɗi, kuma ita ce muke da ikon gyarawa.

Shawarar da hukumar ta bayar a 2020 ɗaya ce ga mace da namiji: baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, yaro kuma minti 60 a rana. Ma'aunin matsakaici mai sauƙi ne, shi ne numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya magana. Da wannan ma'auni kowa zai yi daidai ƙarfinsa, ba sai mace ta bi sawun namiji ba. Minti 30 a kwana biyar ya cika adadin, kuma ana iya yinsa a tsakar gida da tsallen igiya ko zagaye, ko a tafiya zuwa Islamiyya ko gidan 'yan'uwa da sanyin safiya. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai yawan jiri ko haki su fara ganin likita, a kuma duba jininsu.

Ga shugabannin makarantu da masu unguwanni, roƙona shi ne a ware wa mata lokaci a filayen makarantu masu katanga, a kuma bar 'yan mata su yi wasa a lokacin tara kamar yadda ake barin maza. Ga ɗalibanmu na likitanci da na ilmin motsa jiki kuwa, ga aiki nan yana jiranku. Kusan duk binciken da na ambata a Turai da Amurka ta Arewa aka yi shi, a kan mutanen da abincinsu da yanayinsu da gashinsu ba irin namu ba ne. Na'urar tana asibitocinmu, mutanen suna unguwanninmu. Wanda zai yi awon, ya ɗauki mata da maza daidai wa daida, ya auna jinin kowa, ya rubuta kwanan watan mace da zafin ranar, sa'an nan ya faɗa mana abin da ya gani.